Murfin da Ya Ɓata: Yadda Tsofaffin Kyamarori Ke Makancewa a Wurno, Rabah da Goronyo

A ɗakin kawuna da ke Wurno akwai wata adakar ƙarfe da ba a buɗewa sai da dalili. Ranar da na je gaisuwar ƙaramar Sallah, hira ta kai mu ga hotunan da, sai ya sa jikansa ya jawo ta daga ƙarƙashin gado. Ya ɗaga takardun gona, ya ɗaga tsohon fasfonsa na aikin Hajji, can ƙasa ya zaro wani abu naɗe cikin guntun rawani.

Kyamara ce. Jikinta baƙi, samanta farin ƙarfe, nauyinta ya tasam ma kilo guda. Sunanta a rubuce yake da haruffan Rasha, sai daga baya na gane Zorki 4 ce. Na murɗa ƙullun da ake ɗana ta da shi, na danna, ta yi ƙas, kamar jiya aka ajiye ta.

"Wagga ita ta riƙe gidan ga shekara ashirin," in ji kawu. "Amma ɗana, dubi idonta. Marfin ya hwaɗi tun shekarar da anka yi babban ruwa, ban koma ganin irinai ba."

Na duba. Gilashin a buɗe yake, ƙura ta kwanta a gefensa, tsakiyarsa kuma duk sawun shafa ne, irin wanda bakin riga ke bari. Na yi masa alkawarin samo murfi cikin mako guda. Sai da na yi wata biyu.

Ba gidan kawu kaɗai ba ne. A garuruwan gabashin Sakkwato akwai irin waɗannan kyamarori kwance cikin adaka da kabad, na tsofaffin masu hoto, da malaman makaranta, da alhazan da suka yo tsarabarsu. Yanzu da matasa suka koma sha'awar hoton fim, suna yaɗa tsofaffin hotunan Arewa a Facebook da Instagram, an fara zaƙulo su. Wanda duk ya zaƙulo tasa kuwa, abin da yake fara cin karo da shi shi ne mafi ƙanƙanta: babu murfi, babu kuma ɗan zoben nan mai kare gilashi daga hasken rana, wanda masu sana'ar ke kira hud. A nan zan kira shi malfa, domin aikin malfa yake yi.

Kyamara mai ido biyu

Ɗaga yatsanka a gabanka, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. In ka miƙa hannu nesa, tsallen zai ragu. Da wannan dabarar kyamara mai ma'aunin nisa take aiki. Tana da ƙananan tagogi a goshinta, kowace na kallon abin da za a ɗauka daga inda take. Mai hoto in ya leƙa sai ya ga mutum ya zama biyu a tsakiyar tagar. Zai yi ta murɗa gilashi har biyun su haɗe su zama ɗaya, a nan ne hoto zai fita tangaran.

Abin lura shi ne, mai hoton ba ta cikin babban gilashin yake kallo ba. Tagarsa daban, idon kyamarar daban. Duk wahalar murfi da malfa daga nan ta samo asali.

Kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ne ya fito da Leica a 1925, ƙirar wani injiniya Oskar Barnack, sannan a 1932 ya haɗa mata ma'aunin nisa. Tarayyar Sobiyet ta kwaikwaye ta: FED daga Kharkiv tun 1934, Zorki daga Krasnogorsk kusa da Mosko tun 1948. Zorki 4 kaɗai, daga 1956 zuwa 1973, an ƙera fiye da miliyan ɗaya da rabi. Japan ta shigo da nata, irin su Canon da Yashica Electro 35 ta 1966 da Canonet. Leica ta masu hannu da shuni ce. Mai hoton kasuwa, Zorki da Yashica ne daidai aljihunsa.

Yadda suka iso bakin Rima

Wurno gari ne da tarihi ya zauna a cikinsa, amma hoto bai riski manyan kwanakinsa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin a matsayin ribaɗi, ya rasu a nan a 1837, shekara biyu kafin a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, alƙalami da takarda ne kayan aikinsa.

Rabah ta fi sa'a. Ɗanta Ahmadu Bello, wanda aka haifa a 1910, ya kuma zama hakimin garin a 1934, yana cikin 'yan Arewa da aka fi ɗauka a hoto. Sai dai yawancin hotunan nan a Kaduna da Legas da Landan aka ɗauke su, kuma ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida ne suka ɗauka. Hoton Rabah kanta, da kasuwarta, da masuntanta, da 'yan makarantarta, sai wanda ƙananan masu hoto suka bari.

Su kuwa kasuwarsu ta buɗe ne daga shekarun 1970. An ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, a shekarar kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Takardar makaranta tana son hoto, fasfon Makka yana son hoto, neman aiki yana son hoto. Ko dattijon da malaminsa ya gargaɗe shi game da sura, in kujerar Hajji ta samu dole ya zauna gaban mai hoto. Aikin madatsar ruwan Goronyo, da aka kammala a 1984, ya tara ma'aikata daga ko'ina, kowa na son abin da zai aika gida a ga yana nan lafiya.

Kawu ya koyi sana'ar a hannun wani Bayarabe mai sutudiyo a Sakkwato, kamar yadda da yawa suka koya. Kyamarar kuma wani abokinsa da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet ne ya sayar masa. Lambar da ke jikinta ta fara da 68, kuma a kayan wannan masana'antar lambobi biyun farko kan nuna shekarar ƙira. Yakan ɗaura ta a keke ya bi kasuwanni, Achida, Goronyo, Gandi, ya ɗauka wannan makon, ya kai wanki birni, ya dawo da hotuna mako mai zuwa.

Sai wayar salula ta shigo a 2001, daga baya ta zo da kyamara a bayanta. Manyan kamfanonin fim ma suka jigata: sashen hoto na Agfa ya durƙushe a 2005, Kodak ta nemi kariyar fatara a 2012. Ɗakunan wankin hoto suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kyamarori suka shiga adaka. Murfi kuwa abin wasan yara ne, shi ke fara fita daga gida.

Rana mai huda labule

Mutane kan ɗauka aikin murfi tare ƙura ne kawai. A irin wannan kyamarar, abin ya wuce nan.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a makarantar boko ya san wasan ƙona takarda da gilashin ƙara girma. Idon kyamara ma irin wannan gilashin ne, ya ma fi shi iya tara haske. Kyamarar da ake kallo ta cikin gilashinta tana da madubi a ciki, wanda ke karkatar da hasken sama. Zorki da FED da tsohuwar Leica ba su da shi. Abin da ke bayan gilashinsu kai tsaye shi ne ɗan labulen baƙin ƙyalle mai shafen roba, wanda ke gilmawa ya bar haske ya taɓa fim. Ka ajiye ta a kan tabarma idonta na kallon sama, ba murfi, cikin ranar watan Afrilu ta Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, ba ka gama shan ruwa ba rana ta huda labulen.

Da na cire bayan kyamarar kawu na ɗaga ta saitin taga, sai ga ɗigo uku na haske kamar an soka allura. Kowane ɗaya daga cikinsu zai bar farin tabo a kan duk hoton da aka ɗauka. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce yanzu ya gane abin da ya riƙa ɓata masa hotuna a ƙarshen sana'arsa, shi kuwa yana ta zargin mai wanki.

Yashica Electro da Canonet ba su da wannan matsalar, domin ƙyaurensu na ƙarfe ne kuma cikin gilashin yake. Amma ƙura ba ta ware kowa. Hazon hunturu da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya fi gari laushi, yana kuma da kaifi. Tsofaffin gilasai shafensu ba shi da tauri kamar na yanzu. Ƙura ta zauna, mai kyamara ya kama bakin rigarsa ya goge, kamar ya sa takardar gurza ne a hankali. Shekara goma ana haka, hoto sai ya koma kamar an ɗauke shi cikin hayaƙi.

Akwai kuma abin dariya a ɗaya gefen. Tunda ba ta cikin gilashi ake kallo ba, mutum na iya ɗaukar biki guda cur da murfinsa a rufe bai sani ba. Ya jera ango da abokai, ya ce kowa ya tsaya cik, ya danna, su watse. Sai an wanke fim a tarar ba kowa a ciki. Kusan kowane tsohon mai hoto yana da irin wannan labarin, sai dai yakan ce wani ne abin ya faru da shi.

Malfa

Hasken da ke shigowa ta gefe, wanda ba ya cikin abin da ake ɗauka, shi ne ke dusashe hoto. Ya shiga gilashi ya yi ta karo tsakanin faifan da ke ciki, baƙi ya koma toka-toka, fuska ta rasa armashi. A ƙasar da rana ke dukan farin yashi da fararen riguna da ruwan fadama, wannan hasken ta ko'ina yake zuwa. Je ka bakin dam ɗin Goronyo da hantsi ka ga yadda ruwa ke maido rana a ido.

Malfa ke tare shi, tana kuma karɓar bugu a madadin gilashi in kyamara ta daki ƙofar mota.

Sai dai malfar irin wannan kyamarar tana da sharuɗɗa. In ta yi faɗi, za ta tare wa mai hoto kusurwar tagar da yake leƙawa, shi ya sa ake fafe mata 'yan tagogi a jiki don ido ya wuce. In ta yi tsawo, za ta baƙanta kusurwoyin hoto, kuma ba za a sani ba sai bayan wanki. In mai kusurwa huɗu ce, akwai gilasan da gabansu ke juyawa yayin saiti, sai ta karkace. Bayan duk wannan, da zarar an ɗaura malfa, murfin asali ba zai ƙara shiga ba, sai a nemi wani da ya dace da bakin malfar. Mai neman abu ɗaya ya koma neman uku.

Rabin milimita

Kuskurena na farko shi ne wanda kusan kowa ke yi. Na ga an rubuta 50 a bakin gilashin, na je na sayo murfi mai lamba kusa da haka. Ya yi masa yawa kamar faifai a bakin kofi. Ashe 50 ɗin nan ba faɗin baki ba ne, lissafin yadda gilashin ke jawo nesa ne. Sababbin gilasai kan rubuta faɗin baki kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ja wa layi. Tsofaffi da yawa ba su damu da rubutawa ba.

Gilashin kawu Jupiter-8 ne, wanda aka kwaikwaya daga Sonnar na kamfanin Zeiss bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Haƙoran cikin bakinsa, inda ake murɗa filta ko malfa, milimita 40.5 ne. Murfin da ake kifawa ta waje kuma 42. Leica ta fi amfani da 39. Wani sanannen gilashin Canon mai lamba 1.8 nasa 40 ne cif, kuma wannan rabin milimita da ke tsakaninsa da Jupiter ya isa ya hana shiga, ko ya cinye haƙoran in an tilasta. Canonet QL17 GIII tana son 48, Yashica Electro 35 tana son 55. Tsohon Elmar na Leica da Industar-22 na Rasha kuwa, kifa musu ake yi ta waje a kan milimita 36.

Rular 'yan makaranta ba ta raba 40 da 40.5. Sai an je wurin makaniki ko mai injin gurzar ƙarfe, a ari ma'aunin nan nasu mai baki kamar filaya, a auna ciki a auna waje, a rubuta duka biyu.

A kuma duba ko bakin ya lotsa. Jikin Jupiter-8 na alminiyom ne, faɗuwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi. In ya lotsa, babu abin murɗawa da zai shiga, sai na kifawa.

Daga kasuwa zuwa intanet

Na fara da Babbar Kasuwar Sakkwato. Masu kayan lantarki suka yi ta juya kyamarar suna mamakin nauyinta, wani ya tambaye ni inda ake sa mata caji. Wani dattijo ya ce da yana da kwali guda na tarkacen kayan hoto, amma gobarar Janairun 2021 ba ta bar masa komai ba. A Sabon Garin Kano, inda na aika wani aboki, akwai murafe birjik, amma na manyan kyamarorin zamani, 52 da 58 zuwa sama.

A intanet kuwa abin a zube yake. Mai Jupiter-8 ma ya taki sa'a, domin wasu ƙananan kyamarorin dijital na Sony sun dawo da ma'aunin 40.5, saboda haka masana'antun ƙasar Sin suna buga murfi da malfarsa da araha, dala biyu ko uku. Ga kuma zobban da ke haɗa ƙaramin baki da babban murfi, wanda ke fid da mai ma'auni marar farin jini daga kunya. Malfar Leica ta asali kuma, masu tara kayan tarihi sun tsadantar da ita har takan fi Zorki sukutum kuɗi.

Matsalar ita ce hanya. Tun da aka saki Naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ƙasa da ɗari biyar ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a shekarar da ta biyo baya. Kuɗin aikowa kan ninka kuɗin kayan. Kunshin in ya iso, a birni yake tsayawa, sai an sami direban Wurno ko na Goronyo a tasha an ba shi saƙo. Nawa na farko ya yi mako biyar a hanya, da ya zo kuma aka tarar an saka 43 a maimakon abin da na nema. Wa za ka kai wa ƙara a kan abin dala biyu?

Ga wanda ke Rabah ko Goronyo, ko intanet ɗin ma ba kullum ba. A watan Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, har da waɗannan biyun.

Wurin baduku

Kawu ne ya gaji da jirana. Ya ce, "Kai ɗana, ƙasar da aka yin tandu da batta, marfi ɗai za ya gagare mu?"

Gaskiyarsa. Masu tandu sun daɗe suna ɗora jiƙaƙƙiyar fata a kan sifar yumɓu, ta bushe ta ɗauki siffar, su yi mata murfin da ke shiga daram, ko kwalli ba ya zuba. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, wadda ake jemewa da bagaruwa, ita ce ayari suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko.

Muka je wurin wani baduku da ke ɗinkin kube da layu a wata rumfa. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya zagaya bakin gilashin da zare, ya ƙulla. Ya so ya ɗora jiƙaƙƙiyar fatar a kan gilashin kai tsaye, kawu ya ce atafau, ruwa ba zai kusanci idonta ba. Sai aka sa masassaƙi ya fere guntun icce daidai faɗin milimita 42, muna gwadawa da ma'aunin makaniki yana ragewa da wuƙa.

Badukun ya yanko da'ira biyu na jar fata, ya sa ƙaramin faifan kirgi a tsakaninsu don tauri. Ya jiƙa dogon yanki, ya naɗe iccen da shi, ya ɗaure tam da zare, ya ajiye a inuwa. Ya ce rana za ta sa ta ƙanƙance fiye da kima. Kashegari ya huda da basilla ya ɗinke gefen da faifan, ya liƙa baƙin ƙyalle mai laushi a ciki. Ba tare da an ce masa ba, ya yi ɗan kunne a gefe ya zura igiyar fata, ya ce a ɗaure ta a jikin kyamarar.

"Alhaji, wanga ba shi hwaɗuwa," in ji shi, "sai dai ku ba da shi kyauta."

Da muka kifa, ya shiga da 'yar ƙara mai taushi, aka juya kyamarar ƙasa bai motsa ba. Kuɗinsa bai kai na katin waya na mako ba. A ganina ya fi na roba, wanda zafin nan namu kan busar har ya tsage. Jan launinsa kuma yana da amfani: da wuya ka ɗaga kyamara da jan abu a gabanta wani bai ce maka ka cire ba.

Amma yana da aibi guda da ya kamata a faɗa. Fata na riƙe danshi, danshi kuma na kawo fumfuna, wadda ke cin shafen gilashi ta bar zane kamar saƙar gizo. A garuruwan fadama irin Wurno, da damina ta kankama, gara a cire murfin fata da jakar fata gaba ɗaya, a sa kyamarar cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko magani.

Malfa ba ta zo mana da sauƙi haka ba. Wani mai gyaran fitilu da bokitai ya yanko mana ita daga gwangwani, muka shafe cikinta da fentin allo, domin fenti mai sheƙi ƙara ɓarna zai yi. Muka gwada ta yadda tsofaffin ma'aikata ke yi: a cire bayan kyamara, a sa ta a kan harafin B don labule ya tsaya a buɗe, a leƙa ta kowace kusurwa a ga ko bakin malfar ya shigo. Sau biyu muna rage tsawonta. Ta yi aiki, amma takan zame, kuma duk lokacin da aka taɓa ta sai zoben buɗin ido ya goce, domin na Jupiter-8 ba shi da makama. Da ta kanti ta iso daga baya, mai haƙora da 'yan tagogi, na ajiye ta gwangwanin. A nan kam masana'anta ta fi mu.

Ɗigo ukun nan na labule, baƙin fentin yadi mai roba-roba aka ɗiga musu da tsinken ashana, aka bar shi kwana biyu ya bushe kafin a sake ɗana ta.

Masu ganin wahala ce kawai

Ba kowa ke ganin hikimar wannan ɗawainiya ba. Jikan kawu, wanda ke ɗaukar bukukuwa da waya yana tura wa mutane ta WhatsApp, lissafi ya yi mini. Fim ɗaya hoto 36 ne, sai an yi odarsa, sai an aika Legas wanki ko mutum ya koyi haɗa sinadaran da kansa. Shi kuwa kafin amarya ta gyara mayafi ya ɗauki ɗari. Masu sutudiyo na yanzu ma haka suke gani: abokin ciniki hoton fasfo yake so cikin minti biyar.

Ba su yi ƙarya ba. Babu wanda zai koma ciyar da gida da Zorki.

Wasu kuma tsoro ne ya hana su. Tun harin Tabanni na 2018, da ya kora jama'a gudun hijira zuwa Gandi, da wanda aka kai kasuwar Goronyo wata Lahadi a Oktoban 2021 aka kashe mutane da dama, baƙon da ya rataya kyamara a ƙauye sai an tambaye shi wa ya aiko shi. Kalmar infoma ba abin wasa ba ce a yankin nan.

A ɗaya ɓangaren akwai matasan birni da ke ganin launin fim da natsuwarsa sun fi na waya, kuma duniya na tare da su: Kodak ta dawo da Ektachrome a 2018, Leica ta sake ƙera M6 a 2022, Pentax ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024. Akwai kuma 'yan gwangwan, waɗanda su ma suna son kyamarar, amma a kan sikeli. Su ne suka fi kowa yawo lungu-lungu, su ne kuma suka fi samu.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne misalin Mali. Malick Sidibé mai hoton unguwa ne a Bamako, wanda ya riƙa ɗaukar samari da 'yan mata, yana gyaran kyamarorin mutane a shagonsa. Ya adana dodon hotunansa, wato fim ɗin da aka wanke, ya jera su cikin kwalaye da kwanan wata. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venis. A Yamai ma, Philippe Koudjina ya bar tarihin birnin na shekarun 1960 da 1970 ta wannan hanyar. Masu hotonmu sun ɗauki abin da bai gaza nasu ba. Ajiya ce ta bambanta mu.

Abin da ya rage a adaka

A ƙarƙashin inda kyamarar ta kwanta akwai ambulan huɗu na dodon hoto. Kawu ya ce da sun fi talatin. Ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta mamaye garuruwan bakin Rima daga Goronyo har Sakkwato, ita ce babban ruwan da yake faɗa, kuma ita ta tafi da sauran tare da murfin. Na ɗaga ɗaya saitin haske: 'yan kokawa a fili, da jama'a zagaye. Wani kuma jerin jakuna ne ɗauke da albasa. Wani ɗalibai ne da allunansu a ƙofar wani zaure da yanzu babu shi.

Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna wurare ne da aka kafa don adana irin wannan gado. Ya kamata su, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su fita neman waɗannan ambulan a gidajen tsofaffin masu hoto, su kwafe su a kwamfuta su mayar wa masu su, tun masu iya faɗin sunan wanda ke cikin hoton suna raye.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan kyamarar a gidanku, kada ka goge idonta da riga, kada ka bar ta tana kallon rana. In ta Rasha ce, kada ka juya lambar sauri sai ka ɗana ta tukuna, don yin hakan na iya lalata cikinta. Kai ta wurin makaniki a auna bakin ciki da waje, ka riƙe lambobin a takarda. Kafin murfi ya samu, ko safar jariri mai tsabta ka zura mata. In mai gwangwan ya yi sallama, ka ce masa ba ta sayarwa ba ce.